Kore a Salular Alaramma Talle

Muttaƙa ne ya gina shafin na intanet, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Shi ya zauna a ɗan shagonsa na aikin odinatar, wato kwamfuta, a Gare, unguwar tashar Parakou, cikin rugugin manyan motoci da ƙaurin gazuwal, ya haɗa shi tun daga tushe saboda tafsirin mahaifinsa, Malam Iliassou. Malam mutumin unguwar Kpébié ne, nan cikin Parakou, amma kowane azumi Djougou yake tafiya, masallacin da ya yi karatu yana saurayi, ya zauna tafsiri bayan la'asar. Yana da doka guda da ba a taka ta: ba mai ɗaukar muryarsa a salula. An taɓa yanko maganarsa daga tsakiya, aka yi ta turawa juna, aka ce ya ce abin da bai ce ba. Tun daga ranar salula ɗaya ce ke kunne a majalisin, ta mai jan baƙinsa, Alaramma Talle. In an tashi, Alaramma ya tura karatun gaba ɗaya zuwa shafin, duk mai son ji ya je can ya ji shi cikakke.

To, a nan aka samu matsala. Karatu mai tsawo ne, nauyi gare shi, kuma sabar, wato injin da ke riƙe da shafin can wata ƙasa, sai ta tace ƙarar fanka, ta rage masa nauyi yadda mai rezo mara ƙarfi, wato raunin layin waya, zai iya saurare. Aikin nan yana ɗaukar lokaci. Yadda Muttaƙa ya tsara abin da fari, dole Alaramma ya riƙe shafin a buɗe har a gama. Sai ka ga dattijo da azumi a baki, tsaye a gindin mangwaron bayan masallaci inda rezo ya fi kamawa, ya ɗaga salula sama, yana kallon wani ɗan zobe na ta juyawa. In an kira shi a waya, shike nan. In rezo ya ƙifta ido, shike nan. Shafin ya watso masa wani dogon Faransanci, a koma farko. Ranar da abin ya yi tsanani, a tsaye ya sha ruwa da dabino ɗaya da wani ya miƙa masa.

Sai ga Ziyad. Ɗan ƙanwar Malam ne, a gidan Kpébié ya tashi, Muttaƙa ne ma ya fara koya masa riƙe linzamin odinatar. Ya yi karatu a Cotonou, ya dawo yana aiki da wata ƙungiyar masu sayen kaju a Djougou. Shi ya ga Alaramma a gindin mangwaro, ya kira Muttaƙa.

"Yaya, ka ba ni kalmar sirrin in duba wani abu," in ji shi. "Mai kai ɗinki wurin tela ai ba ya tsayawa a kansa har a gama. Karɓa ake yi, a ce je ka, in an gama ka gani."

Muttaƙa ya ba shi, yana murmushin a je a gwada a dawo. Kafin la'asar ta washegari yaron nan ya juya abin. Yanzu da karatun ya gama shiga, shafi ya nuna rawaya, ya ce an karɓa, ana aiki. Alaramma ya sa salularsa a aljihu ya tafi harkarsa, sabar ta ci gaba ita kaɗai. In ta gama tacewa ta adana, rawaya ya koma kore. Ziyad ya kafa wa Alaramma sharaɗi ɗaya, domin salular dattijon kullum cike take, sai ya goge karatun yau yake samun wurin na gobe. Ya ce, "Kada ku goge sai kun ga kore. Sabar ɗinmu ƙarama ce. Muddin rawaya ne, karatun yana wurin ajiyar wucin gadi, in ta mutu ta tashi share shi take yi."

Aiki ya yi kyau. Abin da ya ƙona Muttaƙa ke nan, da bai yi kyau ba da ya yi barcinsa lafiya.

Latifa, ƙanwarsa, wadda ke bin Malam Djougou tana kula da abincinsa, ita ta kawo masa labari a waya, ba da wata manufa ba, ita dai bakinta ba ya riƙe abin daɗi. Ta ce Baba ya dakatar da karatu a gaban jama'a, ya nuna Ziyad, ya ce yaron nan ya sauke wa dattijo wahala, Allah ya sauke masa tasa. Ta ce masallaci ya ɗauki amin har waje.

"To madalla," in ji Muttaƙa, ya kashe wayar.

Kalmar ma aro ya yi. Ita ce iyakar abin da ya taɓa samu daga bakin mahaifinsa. Ya sauke Alƙur'ani, to madalla. Ya buɗe shago, to madalla. Ya kwana nawa yana gina shafin nan, idanunsa suka yi jawur, ya kai wa Malam ya nuna masa, Malam ya leƙa ta saman tabarau ya ce to madalla, ya koma kan littafinsa. Amma Ziyad, yamma ɗaya ya taɓa abin da wani ya gina, har an tsayar masa da tafsiri. Muttaƙa ya buɗe karatun ranar a shafin, ya nemo wurin, ya saurara. Ya sake saurara. Kishi wawa ne wallahi, mutum ya san abu zai soya masa rai amma ya yi ta komawa kansa. Har ya haddace inda muryar Malam ta yi laushi wajen faɗin sunan.

Ba kuɗi yake so ba, ba kuma suna a gari ba. So yake ya ji wannan muryar ta yi wannan laushin a kan nasa sunan, ko sau ɗaya.

Dama kuwa ba ta daɗe ba ta zo. Alaramma Talle mutum ne da ko a aljanna sai ya sami abin mita. Tsayuwar mangwaro ta ƙare, sai ya koma ƙorafin rawaya. Wani lokaci sai bayan asham yake komawa kore, wani lokaci in karatun ya yi tsawo sai da safe. Dattijo ya yi ta ciro salula tsakanin sallah da sallah yana leƙawa, ga hotunan jikoki ana turo masa babu wurin saukewa. Ziyad ya ce masa gaskiya, ba yadda za a yi sai an kama sabar da ta fi wannan. Alaramma ya kira Muttaƙa ya zazzage masa duka.

"Ku bar min shi, Alaramma," in ji Muttaƙa. "Yaro ya yi iyakar saninsa."

A yi masa adalci, ya gwada ta hanyar gaskiya. Ya rufe shago, ya ƙi karɓar aikin masu motocin da ke ciyar da shi, ya bi duk wata dabara da ya sani. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ziyad ya yi gaskiya, kuma wannan ya fi komai ciwo. Yana zaune yana hararar allon odinatar, sai idonsa ya faɗa kan layin da ke cewa a nuna kore bayan an adana. Layi ɗaya ne tak. Ya ce a ransa, ai tun farkon azumi sabar ba ta taɓa mutuwa a tsakiyar aiki ba. Ko an nuna kore da wuri, aikin zai ƙarasa a ɓoye, wa zai sani? Ya ɗauke layin ya mayar da shi sama, inda rawaya take. Daga nan ya canza kalmar sirrin.

Washegari Alaramma ya tura karatu, bai kai ga sa salula a aljihu ba, kore ya bayyana. Har rawa ya kusa yi da azuminsa. Ya bi sahu yana nuna wa mutane, yana cewa babba babba ne, Muttaƙa ya taɓa abin nan ya zama walƙiya. Ya goge karatun nan take, ya sauke hotunan jikoki. Can a bayan fage sabar ta ci gaba da nishi kamar kullum, ta gama bayan asham, ba wanda ya lura, domin masu saurare dama sai da safe suke nema.

Ziyad ne kaɗai bai yi murna ba. Ya kira da hantsi.

"Yaya, barka da aiki. Na ga kore yana zuwa nan take. Yaya ka yi? Na so in leƙa in koya, sai kalmar sirri ta ƙi."

"Na canza ta. Hannu ya yi yawa a cikin aikin."

"Bon. Abin da ya sa na tambaya, na buɗe shafin bayan Alaramma ya ga kore, ban sami karatun ba sai can da daɗewa. Ina tsoron kada..."

"Kada me? Ziyad, ka bar wa wani ma ya sha yabo mana. An tsayar maka da tafsiri, ban ce uffan ba. Yanzu an ce na gyara abu, ka kasa barci. Wannan ai hassada ce."

Ziyad ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya ajiye. Muttaƙa ya ji daɗin wannan magana tasa ƙwarai. Babu abin da ya kai wa mai kishi daɗi kamar ya riga wani kiran sunan cutar.

Kwanaki suka tafi lafiya lau. Ya zauna jiran waya daga Latifa, ta ce Baba ya yi magana. Ba ta ce ba. Ya riƙa bin karatun kowace rana daga farko har ƙarshe, ba don tafsirin ba, Allah ya yafe masa, sunansa yake nema. Babu. Abin da ya samu kawai shi ne muryar Malam a ƙarshen wani zama yana cewa, "Ziyad, kama ni in tashi."

Saboda haka da ranar rufe tafsiri ta matso, Latifa ta ce ya shigo mota ya zo, ai Djougou ba nisa, sai ya ce ina, dole wani ya tsare sabar. Ƙarya yake yi. Ya riga ya hango kansa a sahu na uku, Ziyad a gefen Malam yana riƙe da sanda, ana ta sa masa albarka. Gara ya zauna a Gare ya shaƙi hayaƙin motoci.

Ranar rufewa ba kamar sauran ranaku ba ce. Tun bayan azahar ake zama, a ƙarasa karatu, baƙin malamai su yi jawabi, a yi doguwar addu'a. Rana ta yi sanyi, masu ƙosai da kunu sun fara jera kwanuka a bakin titi, sai ga kiran Latifa. Muryarta a dishe.

"Yaya, me ya hana ka zuwa? Baba ya yi maganarka."

Ya miƙe tsaye bai sani ba. "Tawa? Me ya ce?"

"Ya daɗe yana yi. Tun kana ƙarami ya faro. Ban taɓa jin Baba haka ba, sai da ya tsaya ya share ido. Mu a wajen mata duk kuka muke."

"Me ya ce, Latifa?"

"Ni ba zan iya maimaitawa ba, ɓata shi zan yi. Ka ji da kunnenka. Alaramma ya tura, na ga yana nuna wa mutane kore."

Ya zauna, ya buɗe ta bayan shafin inda shi kaɗai ke gani. Ga karatun nan ya iso, ya ninka na kowace rana nauyi, sabar tana ta fama da shi. Ya zuba ido. Yau shi ne a gindin mangwaro. Ladan ya kira magariba, maƙwabcinsa mai facin taya ya ajiye masa kofin kunu, bai ko waiga ba. Yana kallo lambobin suka tsaya cik. Ya sabunta shafin, bai buɗe ba. Ya sake, bai buɗe ba. Da ya buɗe, sabar ta mutu ta tashi sabuwa, nauyin ya fi ƙarfinta. Ya shiga wurin ajiyar wucin gadi ya tarar da shi wayam.

Ya kira Alaramma. "Alaramma, karatun yau, kada ku goge."

"Wane karatu? Ai na ga kore tun ɗazu," in ji dattijon, yana tauna wani abu. "Na goge, har na ɗauki hoton baƙin malamai da wurin. Kai dai Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yau ka sha addu'a."

Abin da bai taɓa zaton zai yi ba shi ya yi: ya kira Ziyad, ya faɗa masa komai, ya karanta masa sabuwar kalmar sirri harafi bayan harafi. Ya so Ziyad ya yi masa gori, da ya sami abin riƙewa. Bai yi ba. Cewa ya yi kawai, "Bari in karɓo salular Alaramma in gwada." Ko wannan kirkin sai da ya ba Muttaƙa haushi.

Da sassafe ya shiga motar Djougou. Ya tarar da Ziyad a ƙofar masaukin Malam, idanu sun kumbura, salular Alaramma a hannunsa. Ziyad ya girgiza kai. Hotunan da dattijon ya ɗauka sun hau kan wurin, abin da ya iya cetowa bai wuce buɗe karatu da ayoyin farko ba.

"Kai kana wurin," in ji Muttaƙa, bai dube shi ba. "Me ya ce?"

"Ya ce kai ne ɗansa na fari. Ya yi maganar wani ciwo da ka yi kana jariri. Ya ce... Yaya, wallahi ma'anar kawai na riƙe, ba haka ya faɗe ta ba."

"Ban gaya wa Kawu komai ba," ya ƙara, da ya ga Muttaƙa ya nufi ƙofa.

Malam Iliassou yana zaune a kan buzu, Latifa na ɗaure littattafansa don komawa Parakou. Muttaƙa ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi. Malam ya leƙo ta saman tabarau, kuma yau akwai wani abu a fuskar tasa, kamar kunya, irin ta dattijon da ya buɗe cikinsa a gaban mutane yana jiran ya ga yadda aka karɓa.

"Ba ka zo jiya ba."

"Ban zo ba, Baba."

"To ai ka ji a abin naku."

Nan ne fa. Zai iya cewa ya ji, ya yi godiya, ya tashi, daga baya a ɗora wa rezo laifi. Ya buɗe baki da niyyar haka, sai ya tuna in ya ce ya ji, ya rufe ƙofar tambaya har abada.

"Ban ji ba, Baba. Karatun jiya ya ɓace."

"Talle ya ce ya ga kore."

"Koren ƙarya ne. Ni na sa shi ya riƙa fitowa kafin a gama aikin."

Latifa ta saki igiyar da ke hannunta. Malam bai ɗaga murya ba, bai ma motsa ba. Ya cire tabarau, ya ninke, ya ajiye a kan buzu.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da Alaramma ya fara yabona."

"Saboda me?"

Muttaƙa ya sunkuyar da kai. Amsar tana tsaye a bakin ƙofa da salular wani a hannu, kuma duk wanda ke ɗakin ya san haka. Yana durƙushe ya haɗo maganar da ta kawo shi.

"Baba, don Allah, abin da kuka faɗa jiya. Ko kaɗan ne, ku sake faɗa min."

Malam ya dube shi, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Na daɗe ina riƙe da maganar nan, Muttaƙa. Ni ba na yabon ɗana a gaban mutane, haka mahaifina ya yi da ni. Da Talle ya zo yana ta faɗin aikinka, na ce to, ga dalili ya samu, bari in sauke ta gaba ɗaya. A kan koren nan na ɗora ta." Ya mayar da tabaraunsa. "Ban da addu'o'in baƙin malamai da suka taso daga nesa. Su ma sun tafi ke nan?"

"Sun tafi, Baba."

Malam ya jawo littafi ɗaya daga cikin waɗanda ba a ɗaure ba, ya buɗe, ya sa yatsa a kan layi.

"Tashi ka kira min Ziyad," ya ce. "A mayar da abin yadda ya bar shi."